Kana da Kunya?

Anka, Litinin

Zuwa ga Baffa Giɗaɗo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, a gaida Inna da mutanen Zugu. Na ba mai mashin wannan takarda saboda wayarku ba ta shiga.

Baffa, sakamakon gwajin halayyar da ƙungiyarmu ta yi muku don zaɓen shugaban makaranta ya fito. Malam Tasi'u ne a sama, kai ne a ƙasa. Na sake tara makin da kaina, lissafin daidai yake. An tambaye ka ko kana da kunya, ka ce ƙwarai. An tambaye ka ko ka fi sauran malamai iya shugabanci, ka ce a'a. To a asalin takardar gwajin ta Turanci, kalmar da aka fassara da "kunya" tsoron mutane take nufi, shi ya sa aka rage maka maki. Na nuna wa shugabarmu. Ta ce jiya-jiya na gama jami'a, amma da ƙyar ta yarda a sake maka ranar Alhamis. Don Allah ka zo. Ka ce ba ka da kunya kawai.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Rashida

Zugu, Laraba

Rashida ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Innarki tana amsawa.

Wato in hawo mashin da furfurata, in zauna gaban ɗiyar ƙanena, in sa hannu cewa ni marar kunya ne? In kuma yabi kaina da bakina? Wannan kika karanto?

Ranar da ɓarayin daji suka shigo, ni na kwashe yaran makaranta na ɓoye su cikin gero har suka wuce. Tasi'u ya gudu Gummi, ba mu sake ganinsa ba sai bayan girbi. Takardar taku ta tambayi wannan? Shi dai bai yi muku ƙarya ba, ba shi da kunya. Ku ba shi shugabancin.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

Anka, Juma'a

Baffa,

Ina gaisuwa. Jiya na ajiye maka kujera har aka tashi. Yau ni aka sa na buga takardar naɗin Malam Tasi'u.

Ka ba Inna haƙuri, ba zan zo Sallah ba. Ba zan iya haɗa ido da kai ba. Da ni aka yi wa gwajin nan yau, ni ma da na faɗi.

Rashida