Ranar da Umma Ta Juya Keken Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyarku da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya ta, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, ko da yake ba ta daina taka kujera don share saman kwaba ba, duk faɗan da nake yi. Yaya Babba ya ƙara ƙiba, amma ya ce wai rigunan ne suka motse.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin maganar Baba ce, kuma na san halinka, da na fara za ka ce layin ba kyau. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye bakinsa ya yi nauyi. Abin da muka ɓoye maka shi ne ko falo ya daina fitowa. Likita ya ce ƙafar za ta iya tashi in ana motsa ta, amma in ya ci gaba da kwanciya, kwanciyar ce za ta cinye shi. Mutumin da a da in ya daka tsawa a wurin ɗaukar fim kowa sai ya shiga taitayinsa, shi ne ya koma yini yana kallon bango. Abin ya yi ta ci mini rai, Auta.

Ana cikin haka sai mai gidan sinima na bakin kasuwa ya zo gaishe shi. Ya ce yana so ya ware yamma guda don girmama Baba, a nuna fim ɗinsa da ya fi kowanne, shi kuma ya halarta da kansa. Muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ga dalilin da zai fitar da shi daga ɗaki. Sai mutumin ya ce mu zaɓa masa fim ɗin, to nan fa ake yin ta.

Yaya Babba ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, fim ɗin mai kwalekwale ne, shi ya ciyo lambar yabon da ke ajiye a kan kantar falo, shi ake koya wa ɗalibai. Ya ce a tuna wurin da tsohon mai fito yake zaune a bakin ruwa yana kallon motoci suna wucewa ta kan sabuwar gada, ba magana, ba kiɗa, amma kowa sai ya ji abin a ƙirjinsa. Gwaggo kuwa ta ce ita ta ɗinka kayan 'yan wasa a duka fina-finan, saboda haka kada wanda ta goya ya koya mata. Ta ce wancan fim barci yake sa ta, gwanin shi ne na telan da ya yi wa unguwa guda alkawarin ɗinki a rana ɗaya, ya ɓuya ƙarƙashin teburin yanka yana jin ana tsine masa. Ta ce har gobe in tela ya saɓa alkawari sai an leƙa ƙarƙashin teburinsa, wace lambar yabo ce ta kai wannan? Yaya ya ce abin dariya ai kowa ma ya iya. Ta ce to bismillah, ya ba ta dariya yanzu ta gani. Ƙarshe dai mu muka yi dariyar. Ni dai tsakanina da kai zuciyata tana wurin mai kwalekwale, amma ba na faɗa a gaban Yaya, kada kansa ya ƙara girma.

Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Yaya ya kawo dabara. Muka lallaɓa Baba muka ɗora shi a kekensa, muka ajiye shi daidai gaban talabijin, mu kuma muka jeru a gefe muna kallon fuskarsa, don mu ga wanne zai sa ta sake. Aka sa mai kwalekwale, ya rufe ido. Aka sa tela, ya rufe ido har aka gama. Yaya ya ce shi ke nan, Baba ya tsani aikinsa gaba ɗaya, a ba mai sinima haƙuri. Na shige kicin na sha kukana.

Umma ce ta same ni a can, ita da tun farko ba ta sa baki ba. Ta ce a gidan aka haife mu amma ba mu san maigidan ba. Ta ce tun da ta aure shi bai taɓa zama ya kalli fim ɗinsa a cikin jama'a ba. Kujera yake sawa a gefen allo, ya juya masa baya, ya kalli mutane, domin fim ɗin ya riga ya haddace shi tun wurin haɗawa, abin da bai sani ba shi ne yadda zai yi da fuskoki. Mu lokacin idonmu yana kan allo, shi ya sa ba mu taɓa lura ba. Ta ce ga shi mun zo mun zuba wa mara lafiya ido kamar shi ne fim ɗin, in bai rufe nasa ba me zai yi?

Washegari da la'asar ta aika aka kira maƙwabta. Mai shago ya zo, da mai gyaran rediyo, da matar direba da ƙannenta, har falon ya cika wasu suka tsaya ta taga. Da hannunta ta juya keken Baba ya fuskanci mutane. Aka sa tela. Auta, sai ga hannunsa mai lafiya yana ɗagowa a hankali, yana sauke shi sai falon ya fashe da dariya, alhali ba ya ganin allon. Haka ya yi ta yi, bai kuskure ko ɗaya ba. Da aka sa mai kwalekwale aka kai wurin gadar, wuri ya yi tsit, mai gyaran rediyo ya cire hularsa yana murzawa, Baba yana kallonsa yana gyaɗa kai. Gwaggo ta ce ta ci, Yaya ya ce shi ya ci. A ƙarshe Umma ta yanke cewa tela za a nuna don zauren ya cika, Yaya kuma har yau yana cewa an yi masa maguɗi.

Baba bai zaɓi ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, da ƙyar, kalma bayan kalma, shi ne a kawo masa sandarsa. Yanzu kullum da safe yana dafa ni ya taka zuwa ƙofar falo, don ya ce ba a keke zai shiga sinima ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran nan da aka gama aka yaye labule, Baba ya bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake dawowa ya bi su, sannan ya tsayar da idonsa a bakin ƙofa ya daɗe. Ba wanda ya tambaye shi wa yake nema, duk mun sani. Ƙarshen wata mai zuwa za a yi taron. Ban ce ka zo jinya ba, muna nan muna yi. Ka zo dai ka zauna cikin mutane, a layin da zai iya hango ka.

Umma tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan jikarta. Gwaggo da Yaya Babba suna gaisuwa, kowannensu ya ce in faɗa maka kada ka goyi bayan ɗayan. Maigidana da yara ma suna miƙa tasu. Ka gaida maiɗakinka da kyau, da surukanka. Baba bai ba ni saƙo ba, amma da na ce masa kai nake rubuta wa, ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka