Ni Na Zaunar da Baba a Gaba

Gaisuwa mai yawa ga Edita da masu karatu. Ina roƙo a ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin zagina, don na riga kowa zagin kaina.

Ni helma ne a wata rumfar citta a nan Kafanchan, inda ake tsaga citta, a shanya, a ɗura a buhu, jirgin ƙasa ya kwasa. Mutum talatin ne a ƙarƙashina, yawanci mata daga wajen Fadan Kaje, garinmu. Da kaka ta yi, manaja ya ce yana so a riƙa aiki daga shida na safe har duhu, har da Lahadi bayan sujada. Amma wai shi ba ya tilasta wa kowa, in tara su su zaɓa da kansu. Sai ya ƙara da cewa ai na san mutanena. Har yau ina juya wannan magana a raina. Me yake nufi da na san mutanena?

Na san su kuwa. A wajenmu, in dattijo ya yi magana a taro, yaro ba ya tashi ya warware, balle mace a gaban surukinta. Akwai wani tsoho mai gadin rumfar, kowa Baba yake ce masa, rabin matan nan matan 'ya'yansa ne ko na 'yan'uwansa. Shi ba ya riƙe wuƙa, ba ya ɗaga buhu. Na kawo masa kujera gaba, na buɗe da addu'a, na ce Baba ya fara. Ya ce aiki albarka ne, shi ya yarda. Na ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Wa zai ɗaga? Na je na shaida wa manaja cewa kowa ya amince, har ina jin daɗin iyawata. Yanzu ina jin kunya ƙwarai. Bayan kwana biyu na ga Baba da sabon bargo, ban tambaya ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

A sati na biyar Saratu, matar ɗan Baba, mai goyo, gyangyaɗi ya ɗauke ta da wuƙa a hannu. Ta yanke jijiyar babban yatsa. An ɗinke a asibiti, amma yatsan ba ya lanƙwasawa, ko fartanya ba ta iya riƙewa. Ran Litinin jami'in leba daga ofishin ƙwadago zai zo bincike, kuma ni zai tambaya. In na ce su suka zaɓi awannin, manaja ya fita daga laifi, Saratu ba ta da diyyar komai. In na ce ba su zaɓa ba, manaja ya riga ya faɗa mini, yana murmushi, cewa a garin Kasuwan Magani akwai masu jiran aiki, rumfa ba ta da wuyar tashi. Shi jami'in ma ban yarda da shi ba, an ce a gidan manaja zai sauka.

Sai na ce bari in gyara, in bi su ɗaya-ɗaya ba Baba a kusa. Kowacce ta dube ni, ta dubi bayana, ta ce ta yarda. Tsoro ne? Ko da gaske suna son aikin haka, don yunwa ta fi gajiya? Ban sani ba, kuma ba wadda za ta faɗa mini.

Na isa gidan Saratu, na same ta tana ƙoƙarin ɗaura goyo da hannu ɗaya. Na ce, "Saratu, tsakaninki da Allah, kin so aikin nan na Lahadi?"

Ta kalle ni ta ce, "Helma, wanda ya aiko ka, ka gaya masa na yarda."

Na rantse mata ba wanda ya aiko ni. Ta ce to, ta gode, in gai da gida.

Jama'a, Litinin saura kwana huɗu. Me zan yi?