Dogon Madannin Nan Na Ƙasa

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, har na rubuta da fatan kana lafiya, sai na soke. Hannu ne ya saba. Na sani sarai ba za ka karanta wannan takarda ba, babu ɗan aiken da zai kai ta inda kake. Amma tun bayan azahar maganar ke cina, kuma ba ta kowa ba ce sai taka.

Muna nan Tumfure inda ka bar mu. Damina ta yi kyau, dawar bayan katangarmu ta wuce kaina. Filin nan da kake rantsuwa ba za a gina shi muna raye ba an gina shi har an tare, wasu bayin Allah ne da rikicin nan ya koro daga gabas, matar gidan ma mun saba har tana aiko min da miyarsu. Mangwaron da ka dasa ya yi 'ya'yan fari, tsami kamar me, na ce ai ya biyo mai shi kafin ya sha shayin safe. Mahaifiyarka Dada tana nan da ƙarfinta, har yanzu in ta zo sai ta leƙa ɗakinka kafin ta zauna. Babban labari kuwa, Ummi ta samu gurbi a jami'ar nan cikin gari.

Wannan ne ya sa muka sauko da kwamfutarka. Shekara biyu tana cikin jakarta a saman durowa, tun ranar da ka ce za ka leƙa tasha ka dawo, abin da ya tashi a can ya tashi da kai. Da Ummi ta kunna ta, ta kama, amma sai ka ce tsohuwa za ta miƙe daga tabarma. Fankarta ta yi ta gurnani, fuskar ta yi baƙi, ta yi shuɗi, can sai fararen shanun rugar Baffanku suka fara fitowa a hoton da ka sa a fuskarta, ƙaho tukuna, sannan tozo, sannan kogin da ke bayansu. Ni wannan jinkirin bai dame ni ba. Nakan zauna ina kallo kamar daga nesa suke tahowa, ina cewa yanzu zan hango ka a bayansu da jakar allurarka a kafaɗa.

Ummi kam ya dame ta. Ka san har yau akwai shingen sojoji a hanyar shiga gari, kuma duk mai ɗauke da irin wannan jaka sai ya buɗe. Rannan muna cikin keke, sojan ya ce a kunna ta ya gani, ya tabbatar kwamfuta ce ba wani abu ba. Ummi ta kunna. Muka jira, ya jira, kekuna suka yi layi a bayanmu, mai kekenmu har ya kashe inji. Ƙahonin shanun na fara leƙowa batir ya mutu. Sojan ya yi dariya ya ce mu mayar da Kaka gida ta huta. Ni ma na yi dariya, amma 'yarka har muka isa kasuwa fuskarta na cikin hijabi.

Ƙaninka Usmanu ya ce a sayar da ita a sayo wata, irin siraran nan na yanzu, shi zai cika abin da ya rage. Gaskiya ya faɗa, kuma don Allah ya faɗa. Na ce a'a. Ummi ta ce in don rahotannin rigakafin shanunka ne da hotuna da muryar Dada tana waƙar tatsa, duk ana iya kwashe su a zuba a sabuwa, ko ɗaya ba zai ɓata ba. Na sake cewa a'a, na kasa faɗa musu dalili. Suka ɗauka taurin kaina ne da ka sani.

Kai zan faɗa wa. Ba abin da ke cikinta nake riƙo ba, madannanta ne. Haruffan da yatsunka suka cinye har ba a gane su, da wurin da ya yi santsi yana sheƙi. Musamman dogon madannin nan na ƙasa mai raba kalma da kalma, wanda ke maƙalewa, kake bugunsa sau biyu da babban yatsa, ƙas-ƙas. Daga madafi nake jin wannan ƙarar in san kana gida, kana lafiya, kana aikinka. Ko sallamarka ban riƙe kamar yadda na riƙe ta ba.

To yau ka ji abin da na ɓoye maka shekara shida. Ni na lalata madannin nan. Wani azumi ne, ka fita sallar magariba ka bar ta a buɗe, na zo ajiye maka kunun tsamiya, na tsaya kallon shanun nan, kofin ya karkace. Na goge da gefen zanina, washegari da ka fita na shanya ta a rana kamar barkono. Ka yi ta zagin ƙurar rugage da waɗanda suka ƙera ta, ni kuwa ina gefe ina taya ka, har da cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Ka taɓa zargina? Ko ka sani ka yi shiru, irin shirunka mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa?

Daga ƙarshe muka tsaya a kan a ƙara mata ƙarfi, a bar ta da jikinta. Na kai ta wurin Malam Nafi'u, Bakanon nan mai farin gemu da ke gyara a bakin kasuwa. Da ya ji sunanka sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi maka addu'a, ya ce kai ka duba masa ragunansa ana jibi Sallah ka ƙi karɓar komai. A gabana ya buɗe cikinta. Ya nuna min gurbi biyu na abin da suke kira ram, wanda ke sa ta saurin tunani, ɗaya da abu a ciki, ɗaya wayam tun daga kamfani. Ya ce zai cike shi, ya sa sabuwar ma'ajiya ya juye komai naka a ciki, ya canza batir. Da ya hura fankar, ka san abin da ya fito? Jan yashi, da ƙaiƙayi, da farin gashin saniya. Na tsaya ina kallon su suna yawo cikin hasken ƙofa, ina lissafa rugagen da kuka zaga tare, kai da ita.

Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, kada ya taɓa madannan. Ya zo bakina ya koma. Ta yaya mace za ta dubi namijin da ba muharraminta ba ta ce masa sawun yatsun mijinta take adanawa? Kunya ta hana ni, na ce ai ba su cikin abin da muka yi magana.

Na manta halin Bakano da ciniki, in ya ji daɗin mutum sai ya ɗora masa wani abu a kai. Da na koma karɓa, ya buɗe ta yana murmushi, kafin in gyara mayafi shanun sun fito gaba ɗayansu. Sannan ya nuna min madannai sababbi fil, baƙaƙe, kowane harafi fari tas. Ya ce wannan kyauta ce saboda marigayi, ya ga tsofaffin sun gaji, ɗaya ma har yana maƙalewa. Baban Ummi, godiya na yi masa. Wallahi har da sa albarka. Sai da na kwana na iya komawa na tambayi tsofaffin, ya ce da safen nan 'yan gwangwan suka kwashe tarkacen shagon. Da ya dubi fuskata ya gane, ya cire tabarau ya yi ta salati. Ba laifinsa ba ne, ni ce ban yi magana ba, kamar dai ranar kunun nan.

Kwana uku ko kallon inda take ban yi ba. Ji nake kamar an sake fita da kai daga gidan nan, kuma wannan karon ni na riƙe ƙofa.

Yau da rana aka yi yayyafi, gari ya yi lumshi, ƙamshin ƙasa ya cika tsakar gida. Ina madafi ina tuƙa tuwo, hankalina ya tafi can wajen kogin nan na hoto, sai na ji ƙas-ƙas. Na dakata da muciya a hannu. Na sake ji, ƙas-ƙas. Ban san lokacin da na miƙa hannu na sauko da kwanonka ba, har na ɗauraye shi.

Ummi ce a falo tana buga aikin makaranta. Ashe tunda a kan cinyarka ta koya, a kan wannan madannin mai maƙalewa, babban yatsanta bai san ana bugawa sau ɗaya ba. Sabon yana aiki lafiya lau, ita ce ke ninkawa, sannan ta koma tana goge tazarar da ta yi yawa tana tsaki. Ta ce abin na ɓata mata lokaci, amma za ta horar da yatsan kafin a fara jarrabawa. Na ce mata ta bi shi a hankali, babu gaggawa.

Yanzu ka ga inda na tsaya. Na zauna ne in nemi gafararka a kan kunun nan, kuma ina nema. Amma da bai zube ba, me zan ji yau daga madafi?

Tuwon dai na zuba a kwanonka, tunda na riga na wanke. Ummi ta cinye, ba ta tambaye ni komai ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Taka har gobe,
Maman Ummi