Takardar Lauwali Shiru da Ke Hannunka, Mai Girma Ciyaman

Zuwa ga Mai Girma Ciyaman, Alhaji Lauwali, ɗan Boɗinga, shugaban ƙaramar hukumar babban birnin da ba sai na ambaci sunansa ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ranka shi daɗe, mai wannan wasiƙa tsohon malaminka ne, Isiyaku, wanda ya koyar da ku lissafi a sakandare, kuma ya riƙe ofishin jarrabawa na makarantar har ya yi ritaya. Ba halina ba ne in kai maganar gida jarida. Na nemi ganinka a ɓoye ban samu ba, shi ya sa na biyo ta nan. Kafin kowa ya nuna ka da yatsa, ina so a sani cewa laifin da zan faɗa da hannuna aka yi shi, kuma ni na fi kowa cancantar sunkuyar da kai.

Na farko, bari in tuna maka wanda kake.

Ku biyu ne Lauwali a aji ɗaya, sunan mahaifanku ma ɗaya. Kullum rajista sai ta rikice, har muka raba ku da laƙabi. Kai ne Lauwali Baki, domin ko liman ka tsaya yi wa bayani sai ya manta da lokacin salla. Shi kuma ɗan Horo Birni, daga ƙasar Shagari, muka ce masa Lauwali Shiru, don sai ya wuni bai ce uffan ba, amma in an raba takardun jarrabawa tasa ce a sama.

Kana aji uku Allah ya yi wa mahaifinka rasuwa. Ka bar makaranta, ka bi motar albasa zuwa birni don ka ciyar da mahaifiyarka da ƙannenka. Na tuna ranar da ka zo yi mini sallama, da littattafanka ɗaure da igiyar kaba, ka ce in ba wani. Ka yi dako a kasuwa, ka zama ɗan kamasho, 'yan albasa suka zaɓe ka sakatarensu domin ka iya rubutu kuma ba ka tsoron kowa. Daga nan ka yi kansila. Duk wannan da guminka ka same shi, kuma babu abin kunya ko ɗaya a ciki. Shi kuwa Lauwali Shiru ya zauna ya gama, ya ci jarrabawar fita da sakamako mai kyau, ya wuce kwalejin horon malamai da takardar sakamako ta wucin gadi. Asalin satifiket ɗinsa bai taɓa zuwa ya karɓa ba, kamar yadda da yawa daga 'yan ƙauye ba su zuwa. Satifiket ɗin ya zauna cikin kabad ɗina shekara da shekaru.

Na biyu, abin da muka aikata ni da kai.

Lokacin da ka fito takarar ciyaman, abokan hamayya suka ce a nuna takardar sakandare. Ka zo gidana bayan la'asar, ka bar motarka nesa, ka cire takalmi tun daga bakin zaure, ka zauna ƙasa. Ka ce, "Baba Malam, in ba ka rufa man asiri ba, wa za shi rufa? Sunan nan nawa ne, na ubana ne. Takarda ce kwance, babu mai bukata tata."

Ba ka tilasta mini ba. Ba ka yi mini barazana ba. Ina so wannan ya fito fili. Na yi ta gaya wa zuciyata cewa ai yaron haziƙi ne, maraici ne ya fitar da shi, da ya zauna da ya ci. Na ce mata ɗan gida zai hau kujera a birni, mu ma a san da mu. Amma gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa kaina ita ce, na ji daɗin ganin babban mutum zaune a ƙasa gabana. Washegari na buɗe kabad, na ɗauko satifiket ɗin Lauwali Shiru, wanda a lokacin ba a manna hoto a jikinsa, na miƙa maka. Na rubuta a rajista cewa mai shi ya karɓa. Da magana ta kai kotu, na sa babbar rigata, na ɗora hannu kan Alƙur'ani, na rantse cewa a gabana ka zauna jarrabawar nan. Aka kori ƙarar.

A kan wannan takarda ka gina difloma, ka ɗora digiri a kanta. A ɗan littafin tarihinka da ake rabawa wurin taro, an rubuta cewa kai ne na ɗaya a ajinku, kuma Malam Isiyaku ne ya gano hazaƙarka. Na ajiye littafin nan cikin akwati, ina nuna wa baƙi. Shekarar da ka hau, ka aiko mini da kujerar Makka. Na karɓa, na tafi, na yi ɗawafi, na dawo da haƙorin Makka. Yau duk wanda ya kira ni Alhaji, sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Na uku, abin da ya sami mai takardar.

Wataƙila ba a gaya maka ba. Lauwali Shiru malamin firamare ne a Mandera, ya fi shekara ashirin yana tafiya can bisa babur, rani da damina. Da yawa daga waɗanda suka iya karatun boko a garin nan, a hannunsa suka koya. Kafin azumin da ya wuce aka kafa kwamitin tantance malamai, aka ce kowa ya kawo asalin takardunsa. Ya je tsohuwar makarantarsu, aka buɗe rajista, aka nuna masa cewa an riga an karɓa, ga sa hannu. Ya ce shi bai karɓa ba. Aka bincika lambar satifiket ɗin, aka ga ta fito a takardun wani mutum daban, babba, wanda kotu ta taɓa tabbatar masa da ita. To wa za a gaskata? Ba na ganin laifin kwamiti, abin da ke rubuce suka bi. Aka liƙa sunansa a bango cikin masu takardun bogi, aka dakatar da shi.

Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, yau a kasuwar ƙauye ana nuna shi da baki. Shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Ba wanda ya hana shi, shi da kansa ya koma sahun baya, ya ce ba zai tsaya gaban mutanen da ke shakkarsa ba. Babbar 'yarsa da ke karatun aikin jinya ta dawo gida ta ce ba za ta koma ba, domin abokan karatunta suna tambayarta ko ita ma takardunta irin na babanta ne.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Ya zo wurina. Ya taso tun daga Horo Birni cikin rana, ya durƙusa a zauren nan da ka taɓa zama, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda sunka san na gama. Ka taimake ni da shaida." Na dube shi, gemunsa ya fara furfura, yana riƙe da hularsa a hannu. Ranka shi daɗe, ka san abin da na ce masa? Na ce tsufa ya kama ni, ɗalibai sun yi yawa, ban cika tunawa ba, amma zan duba. Ya yi godiya. Har addu'a ya yi mini kafin ya tashi. Ƙaryar da na yi a kotu na yi ta ne gaban baƙi. Wannan kuwa na yi ta ina kallon idon wanda na zalunta.

Maiɗakina, Hajiya Ige, tana bayan ƙofa ta ji komai. Shekara arba'in muna tare ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Malam, kai da ka iya lissahi, ka lissafa shekarun da sunka rage maka." Ta juya ta shiga ɗaki. Tuwon nan ban iya cin sa ba.

Na huɗu, ƙoƙarin da na yi in same ka.

Na buga wayarka har na gaji, kullum wani ne ke ɗauka. Na aika ta hannun ƙanen mahaifinka na Dingyaɗi, ya dawo ya ce in bar kaza cikin gashinta. Na shiga mota da ciwon gwiwata na zo birni sau biyu. Karon farko aka ce kana taro. Karo na biyu na zauna a ɗakin jira tun hantsi har aka kira azahar, na ga wucewarka ta taga, jama'a na biye da kai. Mai taimaka maka ya fito da buhun shinkafa da shadda, ya ce Mai Girma na gaishe da Baba. Na bar su nan inda ya ajiye. Ban san ko an gaya maka dalilin zuwana ba. Ina yi maka kyakkyawan zato cewa ba a gaya maka ba. Yanzu dai ka ji.

Na biyar, inda magana ta tsaya.

Bayan an yanke gero na hau babur ɗin haya na tafi Horo Birni. Na tarar da Lauwali Shiru a gona yana ɗaurin damma, shi da matarsa. Da ya gan ni, ya yar da igiya ya taho da sauri zai shimfiɗa mini buhu. Na ce a'a, a tsaye zan yi magana, kuma matarsa ta matso ta ji. Na faɗa masa komai, tun daga kabad har kotu har Makka, har ƙaryar mantuwa. Ban rage ko ɗaya ba.

Matarsa ta toshe baki da gefen mayafi tana kuka. Can ya ɗago kai ya ce, "Malam, mi niy yi maka?"

Ya koma ya ɗauki igiyarsa, ya ƙarasa damin da ya fara. Sannan ya ce da matarsa ta kawo wa Malam ruwa, rana ta yi zafi. Ya raka ni har bakin hanya, ya tsayar mini da babur. Da zan hau ya ce, shi bai iya cewa ya yafe ba tukuna, kada ya yi mini ƙarya. Abin da yake so kawai a cire sunansa daga bangon nan kafin 'yarsa ta rasa shekararta ta karatu.

Na rubuta wa kwamiti bayani da sa hannuna. Sun karɓe ni da mutunci, amma sun ce maganar tsoho ɗaya ba ta rushe rantsuwar da shi kansa ya yi a kotu, sai an ga asalin takarda, ko wanda ke riƙe da ita ya yi magana. Ka ga ke nan mabuɗin yana aljihunka.

Don haka ga roƙona, ranka shi daɗe.

Ka maido wa Lauwali Shiru satifiket ɗinsa, da wasiƙa mai sa hannunka cewa nasa ne. Wannan ba ya jiran shawarar lauya ko ta 'yan jam'iyya, haƙƙin mutum ne.

Ka je Horo Birni da ƙafarka, ba da jerin motoci ba, ka tsaya a masallacin da ya koma sahun baya, ka gaya wa mutanensa cewa malaminsu bai taɓa yin ƙarya ba.

Ka gaya wa jama'ar birni gaskiyar karatunka. Na san abin da hakan ka iya jawowa, kujera tana iya tafiya, ba zan rufe ka ba. Amma maraya ɗan aji uku da ya yi dako har ya shugabanci birni, labarinsa ya fi wanda aka rubuta maka kyau nesa ba kusa ba. In kana son takarda taka ta kanka, ƙofar jarrabawa a buɗe take ga babba da yaro, kuma in Allah ya bar ni da rai, ni zan zauna in maimaita maka lissafin.

A ƙarshe, a cire sunana daga littafin tarihinka. Ban gano hazaƙar kowa ba. Amanar ɗalibi aka ba ni na ci.

Ni dai na riga na yanke shawara. Ranar Litinin ta sama zan shiga kotu in warware rantsuwata. An bayyana mini hukuncin mai shaidar zur, na tara 'ya'yana na gaya musu, na kuma nemi gafararsu saboda sunan da zan bar musu. Zan fi so mu shiga tare, ni da kai. In ba ka zo ba, zan shiga ni kaɗai.

Allah shi ba ka ikon yin abin da ya fi wuya. Allah shi jiƙan mahaifinka, shi tsare ka daga masu gaya maka abin da kake son ji, shi sa ka gama da mulki lafiya. Allah shi saka wa Lauwali Shiru, shi sanyaya zuciyarsa. Ni kuma duk wanda ya karanta wannan, in ya ga dama, ya roƙa mini gafara.

Wassalam.

Tsohon malaminka,
Isiyaku, Boɗinga.