Ruwan Ɓawon Itace a Kofin Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna?

Labari ya iso ni cewa ka ɗauke ta daga asibiti kana dafa mata ɓawon itace tana sha, wai ka ji shugaban cibiyar bincikenmu a rediyo yana shelar mun gano maganin ciwon daji. Sannu, likita! Mutumin nan fa rabonsa da ɗakin gwaje-gwajenmu tun ranar da aka zo ɗaukar hoto, ya ari farar rigata, maɓallan suka ƙi haɗuwa a tumbinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga gaskiyar magana. Wani sinadari mai yauƙi, dangin sukari, muke tacewa daga ɓawon itace. Ya hana ƙwayoyin cutar yaɗuwa a farantin gwaji, ya ɗan rage ƙari a jikin ɓeraye. Iyakarta ke nan. Inna ba ɓera ba ce, tukunyar matarka kuma ba injin tacewa ba ce. Don Allah ka mayar da ita ta ci gaba da allurarta.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya mai jiki?

Na ga amsarka, na yi dariyar takaici. Wai ina ɓoye maganin ne don manyan mutane. Kai da ko maganin ciwon kai sai ka tambayi maƙwabta kafin ka haɗiya, yau kai ne mai auna wa mai ciwon daji kofi safe da yamma! Tir.

Abin da ya karya min zuciya shi ne saƙon Inna, cewa ba za ta bar abin da 'yarta ta gano ta koma hannun bare ba. Na yi kuka, wallahi. Ashe saboda ni take shan ruwan ɗacin nan tana ramewa.

To, tunda bakinka ya iya yaɗa labari, ga aiki. Ka gaya mata aikina ne ya lalace, Auta ba ta gano komai ba, shirme ta yi. Ƙarya ce, aikin yana nan da kyansa, amma ka faɗa har a gaban ƙawayenta. Jibi zan zo da mota. Gara ta ji kunyata a gadon asibiti da ta tafi kabari tana alfahari da ni.

Allah ya ba ta lafiya.
Ƙanwarka, Auta