Kwanon da Suka Ɗaura wa Jan Zare

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai masu leƙen abin da nake rubutawa, kuma rabin maganar da su nake.

Kin tuna kwanon nan naki mai murfi? Wanda Gwaggo Talatu, yayar Baba, ta ɗaura wa jan zare lokacin da cikinki ya kumbura, idanunki suka koma ruwan ɗorawa. Ta kafa doka kada kowa ya ci da shi. Daga bakin ƙofa ake turo miki tuwo. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu. Ke kuwa abin da kike faɗa kullum shi ne, ciwo bai ƙona miki rai kamar cin abinci ke kaɗai ba.

A cikin wannan jinyar aka yi suna a gidan. Wanzami ya aske jaririn, ya yi wa maza gyaran fuska, ya tsaga wa wani baya ya kafa masa ƙaho, duk da aska ɗaya da yake gogewa a gefen riga. Babu wanda ya ɗaura wa askar nan zare. Su ke nan masu tsantseni!

Sai da na yi aure a Gaya, na samu ciki, na je awo aka ɗebi jinina, sannan na ji sunan abin: ciwon hanta nau'in B. Ina da shi. Malamar asibitin ta tambaye ni abin da ya yi ajalinki. Na faɗa mata, na ƙara da Yaya Sani da ya bi ki da irin wannan kumburin, yana tsakiyar ƙarfinsa. Ta ce ta jini ake ɗauka, da kwanciyar aure, da aska ko allurar da wani ya yi amfani da ita, kuma da yawa daga uwa suke samu a lokacin haihuwa. Ba a ɗauka ta kwano, ba a ɗauka ta nono. Jaririn da ya ɗauka galibi da shi yake girma, shiru, sai hanta ta gaji. Ta ja min kunne cewa a yi wa abin da na haifa rigakafi kafin ya kwana ya wuni, sannan a cika sauran alluran.

Da yake ba kya nan, wurin Gwaggo aka kai ni goyon ciki a garinmu Gafasa. Tun ranar da na sauka na yi mata bayani, ta ce ta ji. Ashe jin kunne ne.

Haihuwa ta zo da hantsi, babu shiri, a ɗaki. Mace. Da na ce a nemo abin hawa mu kai ta asibiti, sai Gwaggo ta hau tafa hannu tana salati. Wai jariri ba ya fita kafin suna. Wai mai jego ba ta taka waje. Wai kuma 'yar fari ce, ko kallonta bai kamata in yi a gaban mutane ba, balle in buɗe baki a kanta. Kawu Ado, da yake taƙama ya yi aiki a sakatariyar Ajingi, ya gyara hula ya ce ai asibiti ba guduwa zai yi ba. Raina su na yi, Inna, raini mai yawa, kuma har yau bai ragu ba.

Na kira maigidana a waya, ya taho da adaidaita daga Gaya. Na naɗe yarinyar a zanina, na ratsa matan da suka cika tsakar gida, na bar tukunyar wankan jego tana tafasa da ganyen darbejiya. Da ƙyar nake ɗaga ƙafa. Kafin la'asar an tsira mata allurar a cinya a Ajingi, ta tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Har gobe ana ba da labarina a Gafasa, wai marar kunyar da ta rungumi 'yar fari ta fita ranar haihuwa. Su yi ta yi, baki nasu ne. Na ga abin da saninsu ya tsinana mana: kaburbura biyu da kwano mai zare.

Ke kuwa ban riƙe ki da komai ba. Wataƙila daga jikinki muka samu, ke ma wataƙila daga taki uwar, kuma babu wanda ya taɓa faɗa miki. Da kin sani, da ƙafa za ki taka har Ajingi da mu a goye. Ni ina zuwa ana duba min hanta, kada ki damu.

Sunanki ta ci, Ummi muke ce mata. Ta cika alluranta. Da ta shekara aka gwada jininta, Inna, ba ta da shi. Gadon ya tsaya a kaina.

Kwanon kuma na ɗauko shi daga bayan rumbu inda suka jefar, na tsinke zaren. A ciki nake dama mata koko, in sha cokali ɗaya in ba ta ɗaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Yaya Sani, Ya sa jinyar da kuka sha ta zama kaffara. Allah Ya raya miki takwararki.

Taki har abada,
Bilkisu, uwar Ummi