Ruwan Wankin Ƙafar Baba

Kurfi, daren Laraba, Agusta 1965

Yau na iso gida hutu, na tarar ƙafar Baba ta kumbura har gwiwa. Tun daga zaure nake jin warin gyambon.

Maganin da malamin asibitin Dutsin-Ma ya ba su na san shi. Famanganet ne, garin da ake jiƙawa a wanke gyambo, wanda muka sha fitar da lambar oksideshan ɗinsa, wato lissafin ƙarfin sinadaransa, a ajin kimiyya. Fotasiyam ɗaya, oksijin huɗu kowanne a debe biyu, manganis ya ɗauki bakwai, jimla ta tashi sifili. Muddin ruwan yana shunayya, yana aiki. In ya koma ruwan ƙasa, manganis ya sauko huɗu, ƙarfin ya ƙare.

Bayan magariba Inna ta jawo kwanon wankin daga ƙarƙashin gado, ruwan ya yi duhu kamar na kududdufi. Ashe ba ta zubarwa. Wai jiƙo sai ya kwana ya yi kauri yake kama jiki. Sauran garin kuwa yana nan ƙulle a tsumma, tana tattali.

Na ce, "Inna, wannan ya mutu. Kullum sabo ake haɗawa."

Ta kalli kwanon, ta ce, "To duk kwanakin nan da me nake wanke Malam?"

Na haɗa sabo na wanke shi da kaina. Gobe in Allah ya kai mu, za mu ɗora shi a jaki zuwa asibiti.

Har yanzu ina jin ta a tsakar gida tana dirzar kwanon da toka. Na san tabon maganin nan ba ya fita da toka, amma wannan kam ba zan faɗa mata ba.